Injiniyoyi Muke Yayewa ko Ragunan Layya?

Duk wanda ya taɓa tsayuwa a wajen gini ya san wannan ranar. Rana ta take, injin kwaɓa kankare na ta ruri, leburori na hawa da sauka da kwanuka a ka, sai ga motar mai gida ta tsaya. Alhaji ya fito, ya ɗaga kai ya ƙare wa benen kallo, ya ce, "Injiniya, ai ginin nan zai ɗauki hawa ɗaya kuma. A ƙara mana." Ko kuma ɗan kwangila ya ja ka gefe ya ce rodi mai milimita 16 ya yi tsada, a sa mai 12, ai ƙarfe duk ƙarfe ne. Kafin ka buɗe baki an miƙo maka takarda da biro. "Yallaɓai, sa mana hannu mu samu mu zuba dakin kafin hadarin nan ya sauko."

Mu da muka yi shekara biyar a tsangayar injiniya, mun san amsar lissafi a wannan lokacin. Mun san nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, mun san inda katako ko kankare zai fara tsagewa idan an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba a ranarmu ta farko shi ne ma'anar wannan sa hannun a gaban alƙali. Ba mu san cewa 'yar layar da muka zana a ƙasan takarda ta mayar da mu masu lamunin rayukan duk wanda zai kwana a ƙarƙashin rufin nan ba. Ba mu san yadda ake cewa a'a a rubuce ba, ko wa ake aika wa kwafi, ko hukumar da ake kai wa ƙara. An koya mana yadda gini ke tsayawa, an bar mu mu gano da kanmu wanda ake kamawa idan ya faɗi.

Kada wani malami ya yi saurin cewa ai akwai kwas ɗin shari'a a manhaja. Mun sani, mun kuma zauna a ajin. Ɗan ƙaramin kwas ne da ake maƙalawa a shekarar ƙarshe, lokacin da hankalin kowa ya koma kan furojet da lissafin sakamako. A wurare da dama wanda ke koyar da shi injiniya ne da aka ɗora wa don jadawalinsa na da sarari, bai taɓa zama a kotu ba, bai taɓa rubuta yarjejeniya ba. Ya raba takardun lakca, mu haddace ma'anar kwangila kamar karatun aku, mu zazzage ta a takardar jarrabawa, mu fito mu manta. Abin takaicin ma, kafin a kai ga wannan kwas ɗin an riga an tura ɗalibi horon sanin makamar aiki na SIWES, ya yi wata shida a masana'anta ko wajen gini tun yana aji huɗu. Wato sai da muka shiga ruwa muka fito sannan aka tara mu za a gaya mana akwai kada a ciki.

Wanda ke ganin wannan ƙaramar magana ce ya tuna da ranar 1 ga Nuwamba, 2021. A ranar ce bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufto, ya kashe mutane fiye da 40, har da mai ginin kansa. Bayan ƙura ta lafa sai ga wata wasiƙa ta bayyana a jaridu. Kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da ƙarfin ginin ne ya rubuta ta tun a watan Fabrairun 2020, wata ashirin kafin abin ya faru. A cikinta sun sanar da mai ginin cewa sun janye daga aikin, sun faɗi iyakar hawan da suka ɗauki nauyinsa, sun kuma nemi a cire sunansu daga allon da ke ƙofar wurin. Takarda ɗaya ce, amma ita ta raba su da zargin jinin mutum arba'in. Duk wanda ya rubuta ta ya san abin da ake kira iyakar alhaki, ya san magana ta baki iska ce.

Sai dai wasiƙar nan ta ceci masu ita, ba ta ceci leburorin da ke cikin ginin ba. A nan ne darasi na biyu yake, kuma ya fi na farko nauyi. Idan injiniya ya ga abin da ya tsorata shi har ya tattara kayansa ya bar aiki, shin ya sauke nauyi da ya sanar da mai gida kaɗai, ko kuwa akwai haƙƙin jama'a a wuyansa na ya sanar da hukumar da ke ba da izinin gini? Ina iyakar riƙe sirrin wanda ya ba ka aiki, ina mafarin kare ran wanda bai san hawa ba bai san sauka ba? Wannan tambaya ce ta shari'a da ɗa'ar sana'a, kuma irinta ce ya kamata a ce ɗalibai sun kwana suna musu a kanta a aji uku. Mu dai ba mu taɓa jin an yi ta a aji ba.

Kafin Ikoyi an yi ta Ikotun. Ranar 12 ga Satumba, 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rushe, mutane 116 suka mutu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta gano cewa ba a samu izinin ginin ba, ta kuma ba da shawarar a gurfanar da injiniyoyi biyu, aka kuwa gurfanar da su bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. A nan Arewa ba mu manta da safiyar 12 ga Yuli, 2024 ba, lokacin da ginin makarantar Saint Academy a unguwar Busa Buji ta Jos ya faɗa kan yara suna cikin aji, aka rasa rai 22. Duk lokacin da irin wannan ta faru tambayar farko da 'yan sanda da 'yan jarida ke yi ɗaya ce: waye injiniyan? Mai kuɗi na da lauyoyi, ɗan kwangila na da ubangida. Wanda ya fi sauƙin kamu shi ne yaron da sunansa ke kan takarda, wanda aka ba shi ɗan abin da bai kai kuɗin hayar shekara ba. Shi ne ragon layyar. Mu kuma muka yaye shi, muka ɗaura masa igiya, muka tura shi kasuwa.

To, me muke so a koya masa? Ba mu ce a mayar da shi lauya ba. Abubuwa ne ƙididdigaggu, waɗanda duk mai sana'ar da ke taɓa rayuka da dukiyar mutane ya wajaba ya sani kamar yadda ya san sunansa.

Na farko dokar kwangila. Ya san yaushe magana ke zama alƙawarin da kotu za ta tilasta, da abin da ake nufi da tayi da karɓa da abin da kowane ɓangare zai bayar. Ya san cewa idan mai aiki ya ce a canja zane, wannan umarni ne da dole a rubuta shi, a sa masa kwanan wata da farashi, in ba haka ba ranar biya za a ce ba a san zancen ba. Ƙananan 'yan kwangila nawa ne a Kano da Kaduna da Sakkwato suka karye saboda "ƙara mana nan, za mu daidaita daga baya"? A manyan ayyuka kuwa, irin na hanyoyi da madatsun ruwa, ana yawan amfani da tsarin yarjejeniya na FIDIC, wanda a cikinsa ɗan kwangila ke da kwana 28 ya ba da sanarwar neman ƙarin lokaci ko ƙarin kuɗi daga ranar da ya san matsalar. Idan kwanakin suka wuce haƙƙin ya tafi, ko da gaskiyarsa ta kai hasken rana. Wanda ke zaune a wajen aiki yana ƙirga waɗannan kwanakin injiniya ne. Lauya na can ofis, sai ta ɓaci ake kiransa.

Na biyu dokar sakaci. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Donoghue da Stevenson, kan wata mata a garin Paisley na Sikotilan da ta ce ta sha lemon kwalba ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki. Ba ita ta sayi lemon ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin. Duk da haka kotu ta ce mai yin abu yana da haƙƙin kula a kan duk wanda hankali zai nuna cewa aikinsa na iya cutarwa. Kotunan Nijeriya na bin wannan ƙa'ida har gobe. Fassararta ga injiniya a sarari take: mai tallan gyaɗar da ke wucewa ta gindin katangarka, da yaron da zai taɓa wayar wutar da ka ja, da ɗan hayar da zai shiga gidan bayan shekara goma, duk suna da haƙƙi a kanka ko da ba ku taɓa haɗuwa ba. Idan kuma sakacin ya kai ga rasa rai, zancen ya tashi daga biyan diyya ya koma laifi a ƙarƙashin dokar Final Kod da muke aiki da ita a Arewa.

Na uku, nauyin sa hannu da hatimi. A nan babu misalin da ya kai na otal ɗin Hyatt Regency a birnin Kansas na Amurka. A cikin babban zauren otal ɗin an rataye gadojin tafiya biyu daga rufi, ɗaya a hawa na huɗu, ɗaya a ƙarƙashinta a hawa na biyu. A zanen asali, doguwar sandar ƙarfe guda ce za ta sauko daga rufi ta ratsa duka biyun, kowace gada ta zauna a kan nata notin. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, suka raba sandar biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. Ka ɗauka mutum biyu ne ke lilo a igiyar rijiya. Da kowa na riƙe da igiyar da hannunsa, yanzu na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama. Nauyin da ke kan mahaɗar sama ya ninka. Zanen da aka canja ya je ofishin injiniyoyin, aka buga masa hatimi, aka dawo da shi. Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana cikin bikin rawa, gadojin suka rufto, mutane 114 suka mutu. A wajen bincike an yi ta jayayya kan wata magana da aka ce an yi ta wayar tarho game da canjin, wannan ya ce an amince, wancan ya ce ba haka aka yi ba. Hukumar ba da lasisi ta jihar Missouri ba ta tsaya nan ba. Hatimin waye a kan takardar? A 1986 aka ƙwace lasisin injiniyoyin biyu. Duk ɗalibin da ya ji wannan labari da kyau, hannunsa zai yi nauyi kafin ya ara wa wani hatiminsa don a samu izinin KNUPDA ko KASUPDA a kan zanen da bai duba ba, al'adar da kowa ya san ana yi a garuruwanmu.

Na huɗu, dokokin ƙasar nan da suka kewaye aikinsa ta ko'ina. Dokar amfani da filaye ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ita ke faɗin ko ƙasar da kake haƙa harsashi a kanta ta mai aikin ce da gaske. Dokar 1992 ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara. Dokar 2003 ta ce duk benen da ya haura hawa biyu sai an yi masa inshora tun ana cikin gininsa. Dokar sayen kaya da ba da kwangilar gwamnati ta 2007 ita ce ke iya kai injiniyan ma'aikata gaban EFCC idan ya sa hannu a takardar shaidar kammala aikin da ba a kammala ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi abin da za a ba leburan da ya faɗo daga kan sikafol ya karye, maimakon a sallame shi da kuɗin ɗori da "Allah Ya kiyaye gaba". Kuma zancen bai tsaya kan masu gini ba. Injiniyan inji da ya ƙirƙiro na'ura a bakin aikinsa ya kamata ya san cewa, bisa doka, haƙƙin mallakarta na komawa ga wanda ya ɗauke shi aiki. Injiniyan kwamfuta da ke tara lambobin waya da hotunan mutane a manhajarsa ya kamata ya san akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Sama da duka akwai COREN, hukumar da aka kafa tun 1970, wadda ita ke da ikon cewa wane injiniya ne, wane ba injiniya ba ne, kuma tana da kotun ladabtarwa. Ɗalibai nawa ne suka taɓa buɗe dokar da ta kafa ta?

Akwai masu ganin duk wannan kayan Turawa ne da aka ɗora mana. Su koma tarihi. Kusan shekara 3,700 da suka wuce, dokokin Hammurabi na Babila sun tanadi hukuncin kisa ga maginin da gidan da ya gina ya faɗi ya kashe mai gida. Wanda ya yi karatun zaure ya kai Risala ya san babin da malaman Malikiyya suka ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su aiki idan suka salwanta a hannunsu. A birananmu kuwa, tun kafin zuwan siminti, magina na da Sarkin Magina, wanda ke sa ido kan aiki yana raba gardama tsakanin magini da mai gida. Yaron da ya tashi a gidan magina yana koyon kwaɓa ƙasa da ɗaura azara, yana kuma koyon abin da zai same shi a gaban sarki idan soro ya rufta. Kakanninmu ba su taɓa raba gwaninta da alhaki ba. Jami'a ce ta zo ta raba su, ta ba gwaninta shekara biyar, ta ba alhaki 'yan makonni.

Mun san amsoshin da za a ba mu, don mun sha jin su. Shugabannin sassa za su ce jadawali ya cika, babu inda za a cusa sabon kwas. Mu kuwa mun zauna a azuzuwan nan, mun san darussa nawa ne ake maimaita abu guda da suna daban, mun san nawa ne aka gada tun zamanin da ake zane da tebur da rula ba a taɓa duba su ba. Sabuwar manhajar CCMAS da hukumar NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Sarari akwai shi. Kuma ba sai an nemo malamai daga wata duniya ba: a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da ta Maiduguri, tsangayar shari'a da ta injiniya duk 'yan gida ɗaya ne. Tsakanin Samaru da Kongo ba tafiyar kwana ba ce.

Wasu lauyoyi kuma za su ce guntun ilimi haɗari ne, injiniyan da ya ɗanɗani shari'a zai ɗauka ya iya, ya ƙi neman lauya. Abin da muka gani da idonmu akasin haka ne. Wanda bai san akwai tarko ba shi ne ba ya neman mai nuna masa hanya. Wanda aka koya wa karanta yarjejeniya shi ke gane saɗarar da ta fi ƙarfinsa, ya ɗauki waya ya kira lauya kafin ya sa hannu. Ana koya wa direba taimakon gaggawa, ba a taɓa cewa likitoci sun rasa aiki ba. A Kanada ba a ba injiniya lasisi sai ya ci jarrabawar da ta ƙunshi shari'a da ɗa'ar sana'a, kuma lauyoyinsu na nan suna cin abinci.

Amsa ta uku ita ta fi ciwo, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Za a ce doka a ƙasar nan ba ta aiki, kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar tun 2006 har yau bai zama abin da ake bi a ko'ina ba, shari'a kan shekara goma a kotu, mai kuɗi kan sha. To, idan doka ba ta kama manya, wa take kamawa? Ƙanana. Gidan da babu ƙofa, mai rauni ne ya fi buƙatar sanin inda zai fake. Ban da haka, doka ba ta tashi ta yi tafiya da ƙafarta, mutane ne ke ɗaukar ta. Jami'in da ke duba zane a hukumar tsara birni injiniya ne. Wanda ke auna aikin hanya kafin a biya kuɗi injiniya ne. Wanda kotu ke kira ya ba da shaidar ƙwararru injiniya ne. Idan duk waɗannan sun fito jami'a suna ganin doka aikin wasu ne, don me za mu yi mamakin ta mutu?

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba alfarma muke roƙo ba. A fara koyar da tushen shari'a tun aji biyu ko uku, kafin a tura ɗalibi SIWES. A haɗa lauya da injiniyan da ya goge a fili su koyar tare, ɗaya ya kawo ƙa'ida, ɗaya ya kawo ƙurar wajen aiki. A ajiye hadda a ɗauko takardu na gaske: yarjejeniya, takardar izinin gini, rahoton binciken Ikoyi, hukuncin kotu. A jarrabawa a ce wa ɗalibi, ga mai gida ya umarce ka ka ƙara hawa, rubuta masa wasiƙar ƙin yarda, ka faɗi wa za ka aika wa kwafi da dalili. A kai su kotu su zauna su ga yadda lauya ke yi wa injiniya tambayar ƙure. COREN da ƙungiyar injiniyoyi ta NSE kuma, idan suka zo tantance sashe, su riƙa tambayar wa ke koyar da wannan kwas da yadda yake koyar da shi, kamar yadda suke ƙirga injinan ɗakin gwaji.

Iyaye da ke sayar da gona da shanu don ɗansu ya zama injiniya, wannan maganar taku ce. Masu haya a benaye, da masu kai yara makarantar da aka ɗora wa hawa a hutun ƙarshen zango, taku ce. Ɗalibai kuma, kada ku jira majalisar jami'a ta zauna. Dokar COREN na intanet, wayar da kuke karanta wannan rubutu da ita za ta buɗe muku ita a daren nan. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ranar da Alhaji zai miƙo maka biro a gindin bene, babu malami a kusa, babu lauya, kai kaɗai ne da abin da aka koya maka.